Jiragen Da Ba Sa Tashi

Duk wanda ya taɓa biyowa ta ɗakinmu a gidan kwanan ɗalibai da daddare, in dai akwai wuta, lalle ya ga abin da zai ba shi dariya. Ga wata tsohuwar kujerar mota an ɗaure ta bisa katako, ga guntun bututun ruwa a tsaye tsakanin ƙafafun mai zama, ga fedar keke biyu a ƙasa, wayoyi kuwa ja da baƙi sun bi bango kamar yaɗon kabewa. Sa'an nan ga saurayi ya ƙura wa allon kwamfuta ido yana gumi, wai shi nan jirgin yaƙi yake saukarwa. Abokan zamana har sun raɗa mini suna Kyaftin. Kawuna kuwa, ran da ya kawo mini ziyara ya iske wannan tarkace, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, karatu aka turo ka yi ko wasan yara?" A ranar ban iya ɗaga ido na ba shi amsa ba. To, ga amsar yau na rubuto, domin na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ra'ayinsu ɗaya da na Kawu.

A Kano na tashi, inda sojan sama suke koyar da matuƙa da ƙananan jiragen nan ƙirar ƙasar Cek da ake kira L-39. Da mun ji rugugi sai mu watsar da ƙwallo mu ɗaga kai, har jirgin ya ɓace. Yawancin abokaina sun girma sun bar wannan ɗabi'a, ni kuwa ta bi ni har jami'a. Da na sami kwamfuta sai na gano akwai manhajoji masu kwaikwayon tuƙin jirgi, waɗansu na saye, waɗansu kyauta, kamar FlightGear wadda masu sha'awa daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗa hannu suna ginawa tun cikin shekarun 1990. Manhajar tana lissafa nauyin jirgi da ƙarfin injinsa da yadda iska take bin fikafikansa, ta nuna maka sakamakon a allo. Amma kafin ka tuƙa sai da abubuwa uku: sandar tuƙi wadda take karkata jirgi ko ta ɗaga hancinsa, da totur mai ƙara wa inji wuta, da feda biyu masu juya jelarsa. Sababbi na ƙwarai kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi nesa ba kusa ba. Saboda haka na tara 'yan kuɗin abincina na sayi wata sandar tuƙi ta gwanjo.

Ba ta yi wata guda ba ta soma ba ni wahala. Ina riƙe da ita cik, sai in ga jirgi yana rawa shi kaɗai kamar mai jin sanyi. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya buɗe ta, ya nuna mini wani ɗan abu ya ce, "Yaro, ai wannan irin abin nan ne da kake murɗawa ka ƙara wa rediyo murya. Ƙura ta shige shi, kuma ya cinye." Na ce, "Baba, to mene ne maganinsa?" Ya ce ko dai in riƙa wanke shi kullum, ko kuwa in nemi abin da ba ya gogayya.

Maganar nan tasa ita ta mai da ni ga littattafan da na yi watsi da su bayan jarrabawa. Cikin wannan mamurɗi akwai ɗan harshen ƙarfe da yake goga bisa wani zobe na gawayi. Inda harshen ya tsaya, shi ne yake ƙayyade ƙarfin lantarkin da zai fita, kwamfuta kuma da wannan take sanin inda sanda ta karkata. Yau da gobe zoben yana cinyewa, ƙurar hunturu kuma tana shiga tsakani, sai saƙon ya riƙa tsalle. Maganin kuwa wani masani ɗan Amurka, Edwin Hall, ya gano tushensa tun 1879, watau in lantarki yana bi ta cikin wani abu aka kusanto da maganaɗisu, sai wani ɗan ƙarfin lantarki ya bayyana a gefe da gefe, gwargwadon ƙarfin maganaɗisun. A yau akwai 'yar na'ura mai ƙafa uku, ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda take aiki da wannan ka'ida. Na cire mamurɗin, na liƙa maganaɗisu biyu a jikin gindin sandar, na kafa na'urar a tsakaninsu. Babu abin da yake taɓa wani, saboda haka babu abin da zai cinye.

Kada mai karatu ya zaci a dare ɗaya aka gama. Da farko na juya maganaɗisun baibai, in na kai sanda dama sai jirgi ya yi hagu. Na ƙona yatsa da dalma ba sau ɗaya ba. Na kuma sayi wani ɗan allon lantarki na Arduino, wanda yake raba ƙarfin da ya karanta zuwa matakai 1,024, na zauna na yi lissafi. Mamurɗi irin na rediyo yana juyawa wajen digiri 270, alhali sandata ba ta wuce digiri 40 daga wannan gefe zuwa wancan, watau da shi zan yi amfani da matakai 150 da 'yan kai ne ya rage mini. Da na daidaita nisan maganaɗisun sai na sami mafi yawan matakan. Bayan haka na ƙara wa sandar tsawo da bututun ruwa, don hannu ya yi tafiya mai nisa kafin jirgi ya karkata kaɗan. Nan take sifirin ya zama kamar babu shi, domin doguwar sanda ta fi ƙarfinsa, dole na nemo mai tauri a wurin masu gyaran babur. Fedar kuwa wani mai walda ya taimake ni muka ɗora ta bisa boris. Wallahi abin da na fahimta game da lantarki da ma'auni a cikin waɗannan watanni ya fi abin da na haddace na zuba a takardar jarrabawa na manta.

In wani ya ce ai duk da haka wasa ne, sai in ba shi labarin Edwin Link, wani saurayi a garin Binghamton ta jihar New York. Yana son koyon tuƙin jirgi, kuɗin koyo ya yi masa tsada. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa irin na coci masu aiki da iska. Sai ya kwashi zugazugai da bututai daga can ya haɗa wani akwati mai siffar jirgi, wanda yake karkata in an motsa sanda. A 1929 ke nan. Da fari masu wuraren wasa ne suka fi saye, jama'a suna biya suna hawa don nishaɗi. A 1934 aka ɗora wa sojan Amurka jigilar wasiƙu ta sama, matuƙa da dama suka halaka cikin 'yan makonni, galibi don ba su saba tuƙi cikin duhu da hazo ba. Sai sojan suka tuna da akwatin nan suka sayi 6. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙan Amurka sama da 500,000 suka yi koyo a cikinsa. Ko manyan kamfanoni ma ba su tsira daga irin wahalar da na sha ba. Jirgin F-16 da aka fara gwadawa a 1974 sandarsa ba ta motsi ko kaɗan, ƙarfin matsawar hannu take aunawa. Matuƙa suka kasa jin daɗinta, sai da injiniyoyi suka koma suka ba ta ɗan motsi. Ashe yadda hannun mutum yake fahimtar inji babban ilmi ne, ana kuwa iya soma koyonsa a ɗakin ɗalibi.

Yanzu bari mu dawo gida, domin a nan ne abin yake yi mini ciwo. An kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a 1964, shekarar da aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya. A 1984 muka soma karɓar jiragen yaƙi ƙirar Jaguar, guda 18, waɗanda Ingila da Faransa suka haɗa gwiwa suka ƙera. Ba su cika shekara 10 suna aiki ba aka jingine su, saboda ɗawainiyarsu ta gagara. Jirgin ɗakina ba ya tashi, amma 'yan kuɗin abincina kawai ya ci. Waɗancan kuwa dukiyar talakawa ce ta kwanta a Makurɗi rana tana dukanta. A 2021 mun sake karɓar Super Tucano 12 daga Amurka, da JF-17 guda 3 daga Pakistan. Ina yi musu fatan alheri, amma tambayar tana nan: wa zai buɗe cikinsu ran da suka soma rawa irin ta sandata? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ka saya da kuɗinka ma, in ba ka san cikinsa ba, bai fi na aron da yawa ba.

Abin mamaki, jirgin da muka taɓa haɗawa da yawa a ƙasar nan, watau Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don koyar da matuƙan soja, asalinsa wani ƙaramin jirgi ne mai suna RV-6A, irin wanda masu sha'awa a Amurka suke sayen sassansa su haɗa da hannunsu a garejin gida. Watau abin da waɗansu suke yi don sha'awa, shi muka ɗauko muka horar da mayaƙanmu da shi. Mu ma ba mu rasa masu irin wannan zuciya ba. A 2007 jaridun duniya sun buga labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota. Aka yi ta tafi, aka ɗauki hoto. Amma tafi ba ya koya wa mutum aune-aune da gwaji. Irin wannan ɗalibi bukatarsa ɗakin aiki da malamin da zai tsaya a kansa.

Adalci ne in faɗi abin da masu suka suke da gaskiya a kai. Wanda ya iya saukar da jirgi a allo bai zama matuƙi ba. Kujerata ba ta danne ƙirji in an yi kwana, ba ta kawo jiri, in na faɗi kuma maɓalli kawai nake dannawa in sake tashi. Har ila yau na san waɗanda wasan kwamfuta ya cinye musu karatu, suka kwana suna harbe-harbe suka makara a aji. Ba su nake karewa ba. Wanda ya sayi kayan wasa ya zauna yana dannawa, lokaci kawai yake kashewa. Wanda ya ɗauki sukuddireba ya tambayi dalilin da ya sa abu ya lalace, shi ne nake roƙa wa mazauni a jami'a.

Akwai kuma suka mafi nauyi, wadda wata abokiyar karatuna ta yi mini. Ta ce, "Malam, ka san dai abin da aka ƙera waɗannan jirage su yi?" Na sani. A watan Janairu na 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno bisa kuskure, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu, har da ma'aikatan agaji. A watan Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Wanda ya jefa na Tudun Biri ba ya cikin jirgin. A zaune yake gaban allo da sanda a hannu, kusan irin zaman da nake yi. Tun ran da na lura da haka, in na ga ɗigo yana motsi a ƙasa cikin allona, sai in tuna ɗigon nan a wani wuri uwar wani ce. Duk mai sha'awar jirgin yaƙi da bai taɓa jin wannan nauyi ba, sha'awarsa ba ta girma ba tukuna. Amma kau da kai ba zai hana a ci gaba da sayen waɗannan na'urori ba. Gara a sami 'yan ƙasa da suka san iyakar abin da allo yake iya nunawa, waɗanda za su iya yin tambaya da ilmi in an ce musu kuskure ne.

Saboda haka ga roƙona. Ƙungiyar Ɗalibai ta nema mana ɗaki guda mai tebur da wuta da 'yan kayan aiki, inda duk mai son haɗa wani abu, namiji ko mace, ɗan sashen kimiyya ko na harsuna, zai zo ya gwada. A riƙa baje kolin abin da aka haɗa sau ɗaya a shekara, kamar yadda ake yi wa wasannin gargajiya mako. Malamanmu na sashen injiniya su yarda irin wannan aiki ya shiga cikin abin da ake ba wa maki. A shirya mana ziyara zuwa makarantar Zariya da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, mu ga na'urorin koyo na gaske, mu san nisan da ke gabanmu. Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu shiga aikin gwamnati, in takardar sayen wata na'ura ta biyo ta teburinku, ko ta asibiti ce ko ta gidan ruwa, ku tambaya ina kayan gyaranta, wa kuma za a koya wa gyaran.

Kawu, in wannan mujalla ta iso hannunka, ka gafarce ni da na amsa maka a gaban jama'a. In ka sake zuwa zan zaunar da kai a kujerar, in buɗe maka gindin sandar ka ga abin da ɗanka ya koya. Totur ne ya rage mini, na kuwa riga na sami hannun tsohon birkin mota da zan yi shi da shi bayan jarrabawa.