Ku daina zagin fiyano, ku nemi ɓarawon waƙa

Duk inda dattawan Damagaram suka zauna hirar kiɗa, daga Birni har Zango, hukuncinsu ɗaya ne: wai fiyano ya kashe waƙar gargajiya. Wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ɗora tsohuwar waƙa a kan na'ura ba yau aka fara ba. A Ingila, a 1980, wani mai suna Daniel Miller ya fitar da faifai da sunan Silicon Teens, inda ya sake kaɗa waƙoƙin su Chuck Berry na Amurka da kayan kiɗan lantarki zalla. Ba a ji Chuck Berry ya ragu da komai ba, don sunansa na nan a matsayin mai waƙa. A nan gida ma mun riga su. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai, yana sarrafa karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye da ogan ɗinsa. Shekaru aka yi ana jin kiɗan nan a rediyo da talabijin na ƙasa, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya. Wa ya ce Mamman Sani ya ɓata gado? Shi ya saurari waƙar tukuna kafin ya taɓa madanni.

To ina matsalar take? Tana wuri biyu.

Na farko, lalaci. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kalangu yana bin wannan hawa da saukar har ya faɗi magana. Shi ya sa makaɗan Shata ke amsa masa da ganga kamar da baki. Yaron sutudiyo kuwa sai ya danna kiɗan da kamfani ya ajiye cikin fiyano, mai kama da na fim ɗin Indiya, ya tilasta wa baitin bin sa. Inda ya kamata murya ta ja, sai a datse. Inda ya kamata ganga ta yi kirari, sai ka ji tim-tim babu ma'ana. Wannan laifin kunne ne, ba na Yamaha ba.

Na biyu ya fi muni: sata. A ɗauki amshin Ma'azu Ɗan Alalo ko na wani makaɗin fada, a cire sunan sarkin da aka yi wa, a cusa na ango ko na ɗan takara, a watsa a TikTok ba tare da ambaton mai ita ba. Waƙar fada tarihi ce, tana ɗauke da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu tun zamanin Tanimu. Wanda ya goge sunayen nan ya yage shafi daga littafin garinsu. Iyalan mawaƙin kuma ko dala ba su gani.

Saboda haka ga abin da muke nema. Mai sutudiyo ya faɗi sunan mai waƙa a farkon kowane naɗi. Ya gayyaci mai kalangu ko mai algaita ya zauna kusa da fiyano, ya biya shi. Magada su kai waƙoƙin iyayensu hukumar BNDA a yi musu rajista, gidajen rediyon Zinder kuma su ƙi sa waƙar da ba ta da uba.

Dattawa, ku ma da naku. Kaset ɗin da kuka kulle a adaka ba zai koya wa kowa komai ba. Ku fito da shi yara su ji asali, sannan ku samu bakin yi musu faɗa.