Lissafin kasuwa: buhu mai hula

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodin albasa a Bangi, ko Madawa, ko Galmi, ya san buhun nan mai hula. Ana cika shi har baki, a ƙara tudu a samansa, sannan a ɗinke da wani ƙyalle. Sunansa buhu guda, kuɗinsa na buhu guda, amma sikeli bai yarda da haka ba.

Mu ɗauki misali. Mai mota ya yi ciniki a kan buhu 300 zuwa Abijan. In kowane buhu kilo 100 ne, tan 30 ke nan. In hula ta kai shi kilo 130, tan 39 aka ɗora. Wannan tan 9 da ya ƙaru, manomin da ya kwana yana ban ruwa a fadama bai karɓi ko dala a kansa ba, direba ma haka. Tayarsa da gudro ne suke biya. Ɗan kasuwa bai jahilci lissafin ba: tun da kuɗin mota da na dillali a kan buhu ake yanka su, kumbura buhun riba ce. Alhali dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade faɗin mota mitir 2,55, tsayinta mitir 4, kuma babbar tirela mai aksil shida ba ta wuce tan 51, har da nauyin motar kanta. A ganina, muddin ba kilo ake saye ba, wa'azi ba zai cire hular nan ba.

A teku kuwa, wayon juyewa yake yi a kan mai kaya. Masu jirgin ruwa suna auna abu biyu, nauyi da girma, sai su karɓi kuɗin wanda ya fi yawa, suna lissafa mitir kub ɗaya daidai da tan ɗaya. Samun girman ba wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi. Kwali mai santimitir 50 da 40 da 30 ya ba da 0,06. Kwali 500 mitir kub 30 ne. In kowane kilo 12 ne, tan 6 kawai ke gare ka, amma kuɗin 30 za ka biya muddin an haɗa kayanka da na wasu. Alhajin da ya yo odar takalman roba daga Sin yana ƙidaya kilo, a Lome zai ji labari. Ƙaramar kwantena tana ɗaukar wajen mitir kub 33 a takarda, sai dai kwalaye ba sa zama kamar gero a tiya, dole a bar gurbi. Wanda kayansa suka kai nan, ya tambayi kuɗin kwantena sukutum tun kafin ya sa hannu.