Ra'ayinmu: Suga Ce Ko Ba Suga Ba Ce? Abin Da Katin Inshora Zai Iya Yi Wa Mai Shakka A Arewacin Yobe

Daga Kumagannam da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Yusufari har zuwa Gashuwa da Nguru, ba wuya ka haɗu da mutumin da aka ce masa yana da ciwon suga, daga baya kuma aka ce masa ba shi da shi. Yadda abin kan faru sananne ne. Magidanci ya ji kasala da yawan ƙishirwa, ranar kasuwa ya tsaya a kemis bayan ya sha shayi mai kauri da burodi, aka huda masa yatsa, na'ura ta nuna 190. Mai kemis ya ce, "Baba, suga ce," ya ƙulla masa ƙwayoyi a leda. Bayan mako biyu ya yi sammako zuwa asibiti bai karya ba, aka miƙo masa takarda an rubuta 6.4, ma'aikaci ya ce, "Ba ta kai ba, amma a kula." Ya koma gida da lamba biyu da ba su yi kama da juna ba, bai san ko ya ci gaba da shan ƙwaya ko ya bari ba, bai san ko zai ɗauki azumin bana ba, uwargida kuma ta riga ta daina sa masa sukari a fura.

A irin wannan hali ne ake jin shawarar da ta fara yawo a bakin 'yan boko: a sayi inshorar lafiya ta kamfani mai zaman kansa, a tafi babban asibiti a Kano ko Abuja, a ga ƙwararre, a raba gardama. Shawarar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa muka ga ya dace a auna ta da kyau kafin wani ya sayar da ragonsa a kanta.

Sai an fara sanin daga ina shakkar take fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni: idan aka ɗebi jini daga jijiya bayan mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba, aka samu milimol 7.0 ko sama, wannan ciwon suga ne. Daga 6.1 zuwa 6.9 mutum yana bakin gaɓa. Akwai kuma gwajin da ake shan ruwa mai giram 75 na gulukos a auna bayan awa biyu, inda iyakar take 11.1. Wanda ba shi da alamu bayyanannu, ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita a wata rana. Lambobi biyun can da suka rikita magidanci, ma'auni biyu ne daban: wasu na'urori suna lissafi da miligiram, wasu da milimol, kuma idan aka raba na farko da 18 ake samun na biyu. Wato 190 ɗin kemis kusan 10.6 ne, bayan shayi. Lambobin biyu ba su saɓa wa juna ba, babu dai wanda ya zauna ya yi masa bayani.

Sannan ƙasarmu tana da nata abubuwan da ke ɓata gwaji. 'Yar takardar da ake ɗiga wa jini a saka cikin na'ura ba ta son zafi; yawancin kamfanoni suna rubuta a jikin gwangwanin cewa kada a ajiye ta a inda ya wuce digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Nguru da Gashuwa yana haura 40, kuma gwangwanin yana kan kanta a shago mai rufin kwano. Jinin da aka ɗeba a kwalba aka bar shi ya jira wuta ko mota, sukarin cikinsa yana raguwa awa bayan awa, sai mai ciwo ya fito kamar lafiyayye. Zazzaɓi mai tsanani yana iya ɗaga sukarin jini na ɗan lokaci. Haka ma ƙwayar dexamethasone da ake sha barkatai don ciwon gaɓoɓi ko don a yi ƙiba, irin wadda ake haɗawa a cikin "sha ka fashe". Mace za ta iya shan wannan na wata biyu, a gwada ta a ce suga ce, babu wanda ya tambaye ta me take sha.

Ko gwajin HbA1c da ake yabo, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011 da iyakar kashi 6.5, yana da rauni a wajenmu. Ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini. Mai sikila, da wanda maleriya ta cinye wa jini, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, duk sakamakonsu yana iya karkacewa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana iya ɗaga lambar ba tare da ciwo ba. Ciwon ƙoda da ya yi nisa ma yana ɓata shi, kuma duk wanda ya san Gashuwa da Jakusko ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi gidaje a yankin shekara da shekaru, har cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu ta duƙufa neman musabbabinsa. Saboda haka gwaji mai tsada a asibitin kuɗi ba lallai ya fi na naira kaɗan gaskiya ba, idan likitan bai san jinin wanda ke gabansa ba.

Kada kowa ya raina wannan shakka. Wanda aka ɗora a kan ƙwayar suga ta glibenclamide alhali ba shi da ciwon, sukarinsa yana iya faɗuwa warwas yana tsakiyar gona da rana, ya yanke jiki ya faɗi, a ce iska ce ta taɓa shi. Idan ƙodarsa ta riga ta raunana, haɗarin ya ninka, don maganin yana daɗewa a jiki. Metformin ma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Wanda kuma aka sallama aka ce lafiyarsa ƙalau alhali yana ɗauke da ciwon, shekaru za su wuce ciwon yana cin idonsa da ƙafarsa da ƙodarsa a ɓoye. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

To, ina amfanin inshorar kamfani? Yana nan, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Akwai shakkar da ta wuce "akwai ko babu", ta koma "wace iri ce". Saurayi ɗan shekara 25, siriri, ya zo asibiti a galabaice, aka sa masa insulin. Shin nau'i na ɗaya ne, wanda zai yi allura har ƙarshen rayuwarsa? Ko kuwa irin ciwon nan ne da likitoci suka bayyana a Najeriya da Gana tun shekarun 1960, wanda ke zuwa da ƙarfi kamar nau'i na ɗaya, bayan watanni kuma mutum ya iya rabuwa da allura? Ko wanda ke da nasaba da tamowa tun ƙuruciya, wanda IDF ta sa wa suna nau'i na biyar a taronta na Bangkok a Afrilun 2025? Raba waɗannan yana buƙatar gwajin C-peptide da na garkuwar jiki, waɗanda galibi sai manyan asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji na birane irin su Kano da Abuja da Legas, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Ma'aikacin banki a Nguru, ko na kamfanin sadarwa, ko na ƙungiyar agaji, wanda wajen aikinsa ya riga ya saya masa kati daga kamfani irin su Hygeia ko Avon ko AXA Mansard, idan katin zai kai shi gaban likitan da ya ƙware a ciwon suga cikin mako guda, ya tafi. Haƙƙinsa ne, an biya. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko, kuma likitan kirki ba ya jin haushinsa. Wanda ya tafi can ma ya rage wa talaka layi a asibitin gwamnati.

Matsalar tana wajen wanda ba shi da kati, yana so ya saya yau saboda takardar jiya. Kamfanin inshora ɗan kasuwa ne, ribarsa tana cikin masu biya ba su yi ciwo ba. Shi ya sa tsare-tsaren da mutum ke saya wa kansa sukan zo da sharuɗɗa: ciwon da aka riga aka sani kafin rajista ko dai a cire shi gaba ɗaya, ko a ce sai an jira watanni, wani lokaci shekara, kafin a fara biya. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba a wannan jeri. Wanda ya ɓoye cewa an taɓa gwada shi, ranar da aka gano kamfani yana da hujjar ƙin biya. Ko an karɓe ka, ganin ƙwararre yakan buƙaci takardar turawa da lambar amincewa daga kamfani, gwaje-gwaje na musamman kuma suna da iyakar kuɗi ko ba sa cikin ƙaramin tsari sam.

Ga kuma nisa. Asibitocin da waɗannan kamfanoni suka fi hulɗa da su suna manyan birane. Kati ba ya biyan kuɗin mota daga Kumagannam zuwa Gashuwa, daga nan zuwa Kano ta Haɗeja, ba ya biyan masauki, ba ya biyan abincin ɗan rakiya, ba ya mayar da kwanakin da aka bar gona ko shago. Idan aka tara waɗannan da kuɗin shekara na inshora, sukan ninka kuɗin gwajin da ake nema sau da dama. Manomi zai sayar da akuya ya sayi kati, ya dawo ya tarar amsar da yake nema tana ɗakin gwajin asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tun farko.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Asibitin kuɗi da ya san kamfani ne zai biya yana iya jero gwaje-gwaje goma inda biyu sun isa, kuma mai jinya yakan koma gida da tarin takardu da ba wanda zai karanta masa. Ciwon suga abokin zama ne na shekaru, wanda zai riƙa duba ka duk wata shi ne likita ko jami'in lafiyar da ke kusa da gida. Ra'ayin ƙwararre da bai dawo hannun wannan jami'i a rubuce ba, rabin aiki ne.

Matsayinmu shi ne, mai kati ya yi amfani da katinsa ba tare da jin nauyi ba, musamman idan tambayar ta nau'in ciwo ce, ko yana da sikila ko matsalar ƙoda da ke ɓata sakamako. Ya kira kamfanin kafin ya hau mota, ya tambayi ko gwajin yana cikin tsarinsa, ya tafi da duk takardunsa da ledar magungunan da yake sha har da na gargajiya, ya kuma dawo da rahoto a rubuce. Wanda ba shi da kati kuwa, ba mu ba shi shawarar ya saya don wannan buƙata kaɗai ba. Ya je asibitin gwamnati mai ɗakin gwaji da sassafe bai ci komai ba, a ɗebi jini daga jijiya, ya sake komawa wata rana a maimaita, lokacin da ba ya zazzaɓi. Idan lambar ta tsaya a bakin gaɓa, ya nemi gwajin ruwan gulukos. Mafi yawan shakku a nan suke ƙarewa. Kada kuma kowa ya ajiye insulin ko ƙwaya da kansa don yana jiran ra'ayi na biyu. Yaro ko babba da ke ramewa cikin sauri, yana fitsari dare da rana, yana amai ko numfashi sama-sama, wannan ba ya jiran kati ko amincewar kamfani; a kai shi asibiti a daren.

Sauran maganar ta gwamnati ce. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Jihar Yobe tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, YSCHMA, wadda ke ɗauke da ma'aikatan gwamnati da wani kaso na masu rauni. Wannan tsari shi ne ya fi dacewa da mai sayar da gero a kasuwar Kumagannam, domin an kafa shi ne don a haɗa mai lafiya da marar lafiya a asusu ɗaya, kuma cibiyoyin da yake aiki da su suna kusa da jama'a.

Muna kira ga YSCHMA da Ma'aikatar Lafiya ta jihar su mayar da tabbatar da ciwon suga aikin da ake gamawa a cikin shiyya. Kowane babban asibiti a Yusufari da Bade da Nguru da Machina da Karasuwa ya kasance yana da kwalaben ɗiban jini na gwajin suga da wutar sola da za ta riƙe na'ura da firji. A sa gwaji na biyu da awon ƙoda a cikin abin da katin jiha ke biya ga duk wanda aka ce yana da ciwon, kafin a ɗora shi a kan magani na dindindin, idan ba halin gaggawa ba ne. A daidaita ma'auni ɗaya a takardun sakamako na duk asibitocin jihar, a rubuta iyakokin a jiki da Hausa da Kanuri. A koya wa masu kemis cewa aikin na'urar yatsa shi ne ta tura mutum asibiti. Ga 'yan kaɗan ɗin da ke buƙatar C-peptide, a ƙulla yarjejeniya da asibitin koyarwa na Damaturu ko na Malam Aminu Kano, a riƙa tara jini a Nguru da Gashuwa ana aikawa cikin sanyi sau ɗaya a mako, sakamako ya dawo ta waya ga likitan da ya tura.