Ko Gani Ya Kori Ji?

Yara da yawa a zamanin nan sun san labarin Mogli, yaron nan da kyarketai suka rena a cikin kurmin ƙasar Indiya. Sun gan shi a talabijin ko a wayar iyayensu, yana rawa da waƙa tare da dabbobi. In ka tambayi ɗayansu ko ya karanta littafin da aka ciro labarin daga ciki, sai ya ce maka, "Me zan yi da littafi? Ai gani ya kori ji." To, a nan ne muka saɓa da shi, kuma ga dalilina.

Wani Bature ɗan Ingila, Rudyard Kipling, shi ya rubuta labarin. An haife shi a Bombay, birnin da ake kira Mumbai yanzu, cikin 1865. An buga littafin cikin 1894, sunansa The Jungle Book, watau Littafin Kurmi. Bayan shekara 73, cikin 1967, kamfanin Walt Disney na Amurka ya mai da shi majigin zane mai waƙe-waƙe. Shi Walt Disney bai ga fitowarsa ba, don ya mutu a watan Disamba na 1966, ana cikin aikin.

Yin irin wannan majigi ba ƙaramin aiki ba ne. A lokacin nan da hannu ake zana kome. Mai zane ya zana ƙafar dabba a ƙasa, ya sāke zana ta ta ɗaga kaɗan, ya sāke zana ta ta ƙara ɗagawa. Sa'an nan a ɗauki hotunan zanen bi da bi, a haska su da sauri, hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Saurin nan shi ke ruɗin ido, har ya ga kamar dabbar tana tafiya. Ku lissafa ku gani: minti ɗaya tak yana cin hoto 1,440, majigin kuwa ya fi sa'a guda. Yau kwamfuta ta ɗauke yawancin wahalar, amma mutanen da suka yi wancan aiki lalle sun isa yabo.

Majigin kuma yana da amfaninsa. Yaron da bai iya Turanci ba yana iya bin labarin da ido. Yaron da bai taɓa jin ko sunan Indiya ba ya ga kurminta da giwayenta. Wannan ba abin renawa ba ne.

Amma ku tsaya mu gwada littafin da majigin. Akwai Balu, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ake kira beyar, wadda ba mu da irinta a ƙasarmu. A cikin littafi, Balu tsohon malami ne mai tsanani. Shi ke koya wa Mogli dokokin kurmi, da kalmomin neman aminci na tsuntsaye, da na macizai, da na namun daji. In yaron ya yi wasa, har mari yakan sha. Mogli ya gaji da karatun, ya yi fushi. Ba a daɗe ba sai birai suka sace shi. Suna tafe da shi bisa itatuwa, ya hangi shirwa, ya kira ta da kalmar tsuntsaye, ita kuwa ta kai wa Balu labarin inda aka nufa da shi. Da birai suka jefa shi cikin wani kango mai macizai, ya faɗi kalmarsu, ba wanda ya sare shi. Ashe karatun da ya ƙi shi ne ya cece shi har sau biyu.

To, a majigi fa? Balu ya zama malalaci mai raha, yana waƙa yana gaya wa yaro ya bar damuwa, abin da yake bukata zai zo da kansa. Waƙar tana da daɗi ƙwarai, amma darasin ya juye. Littafi ya nuna ba a shan zuma sai an sha harbi, majigi kuwa ya nuna zuma ce za ta zo har inda kake kwance.

Haka aka yi wa Ka, tsohuwar mesa. A littafi abokiyar Mogli ce, ita ta fasa bangon kangon nan da kanta, ta fid da shi. A majigi ta zama maƙiyiya mai son haɗiye shi. An kuma ƙirƙiro wani goggon biri, Sarki Luwi, wanda ba ya cikin littafin sam, irinsa ma ba a Indiya suke ba, a tsibiran Borniyo da Sumatira suke. Ƙarshen Shir Khan, damisar nan mai ratsi-ratsi, shi ma an sāke shi. A littafi Mogli ya yi dabara, ya koro garken ɓakanen gida cikin kwazazzabo suka tattake ta, ya feɗe fatarta. A majigi ya ɗaura mata reshe mai wuta a wutsiya, ta gudu.

Wani zai ce, ashe waƙa ce ta ɓata labarin. A'a. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san waƙa da labari 'yan uwan juna ne. A tatsuniya, marainiya takan faɗi baƙin cikinta da waƙa, tsuntsu ya tona asirin mugu da waƙa. In ka cire waƙar, labarin ya gurgunce. Wannan ita ce waƙa mai aiki. Akwai kuwa wadda ake cusawa don a yi tsalle kurum, labari ya tsaya cik sai an ƙare ta. Wani marubucin Amurka, E. B. White, ya rubuta labarin wata gizo-gizo da ta ceci ran abokinta da saƙarta, aka buga cikin 1952. Da aka mai da shi majigin zane cikin 1973, bai ji daɗi ba, domin a ganinsa waƙoƙin suna ta katse labarin. Saboda haka in kun ji waƙa a majigi, ku tambayi kanku: ta ciyar da labarin gaba, ko ta tare masa hanya?

Akwai kuma wata hasara wadda ta fi waɗannan. Sa'ad da kake karatu, kai ne mai zanen. Kai ke ƙaga tsawon mesa da duhun kurmi a zuciyarka, kowane yaro a aji da irin nasa. Amma in ka fara da majigi, mai zane ya riga ka, duk sa'ad da aka ce Balu, nasa Balu za ka gani. Zuciyar da kullum ake yi wa aiki kuwa takan yi sanyi, kamar hannun da ya daɗe bai riƙe fartanya ba.

Don haka ban ce ku bar kallo ba. Ku kalla, ku yi dariya, ku yi waƙa. Amma in da hali, ku fara da littafi, ko ku roƙi malaminku ya karanta muku ya fassara. In kuwa majigi kuka fara gani, ku nemi littafin daga baya, ku gwada su, ku faɗi wanda ya fi muku da dalilinku. Wanda ya kalla kaɗai ya san labari ɗaya. Wanda ya kalla ya kuma karanta ya san biyu, ya kuma san bambancinsu.

Tambayoyi

1. Ta yaya karatun Balu ya ceci Mogli?
2. Hoto nawa ake haskawa cikin minti 5?
3. Ku ba da tatsuniya ɗaya mai waƙa, ku faɗi aikin da waƙar ta yi a cikinta.