Ku bar tsoho ya yi dariya

A garuruwanmu, daga Maraɗi har Tawa, in takardar ritaya ta iso wa ma'aikaci sai a riƙa gaishe shi kamar wanda aka yi wa rasuwa: a sassauta murya, a ce masa sai haƙuri. In kuwa aka tarar da shi yana raha, yana cewa gwiwoyinsa sun riga shi ajiye aiki da shekara biyar, sai wasu su tsuke baki, wai dattijo ya zubar da girmansa. Masu tsuke bakin ne ba su san girma ba, kuma shaidata a kansu ita ce tsofaffin ma'aikata Kirista na wannan yanki.

Ba su da yawa, amma aikinsu ya fi yawansu. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe likitar Galmi a 1950, kuma daga Galmi da Tsibiri da Danja aka yi ta samun malaman lakwal da masu jinya da unguwarzoma. Ɗiyansu da ke barin aiki yanzu su ne suka sha wuyar shekarun 1990, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, sannan a Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta a dare ɗaya. Wanda ya ciyar da iyali a wancan zamani ya san nauyin rayuwa sarai. In ya yi dariya, ya san abin da yake yi wa.

Masu zarginsu iri biyu ne. Na farko suna son tsoho ya zauna bisa tabarma, fuska a ɗaure, kamar yana jiran likkafani. Na biyu sun fi haɗari: wasu matasan masu wa'azi da ke koyar da cewa mai cikakkiyar bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci. Da wannan koyarwa, tsohuwa mai hawan jini takan koma gida da cuta biyu, ta jiki da ta zargin kai, har wata ta ajiye magani don kada a ce addu'arta ta gaza.

Ko waɗannan sun karanta Littafin da suke ɗagawa? A Farawa, Ibrahim ya yi dariya, Saratu ma ta yi, da aka yi musu albishir ɗin ɗa, shi yana dab da shekara 100, ita tana da 90, kuma sunan yaron, Ishaku, ma'anarsa dariya. Shi Ishakun idanunsa sun dushe da ya tsufa. Sarki Dawuda ya kai inda tulin mayafai ba ya hana shi jin sanyi. Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa har sau uku, ba a cire ba. Sura ta 12 ta Mai Hadishi ta kwatanta jikin tsoho da gidan da masu niƙansa suka ragu, tagoginsa suka yi duhu. Wanda ya gaskata cewa kabari ba shi ne ƙarshen zance ba yana da damar ya yi wa haƙorinsa na ƙarshe ba'a.

Al'adarmu ma tana bayansa. Kaka takan kira jikanta mijinta, shi kuma ya ce ya sake ta don ta tsufa, gida ya kaure da shewa. Hausawa sun ware wa tsufa filin wasa tun kafin a san mene ne fansho.

Sai dai kada wani ya fake da wannan raha. Tsoho ya yi barkwanci a layin karɓar fansho, wannan bai wanke wanda ya tsayar da shi cikin rana ba. Majami'ar da ta mori ƙarfin mutum shekara 30, sannan ta sallame shi da addu'a da turmin atamfa, ba ta biya bashinta ba. Haƙurinsa nasa ne, haƙƙinsa kuwa yana wuyanmu.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, kuna kukan rashin masu koyar da karatun Hausa ga manya, alhali ga mutanen da suka tashi da karanta Hausar boko tun suna yara, suna zaune a zaure babu mai tambayarsu. Ku kira su cikin azuzuwan yaƙi da jahilci, ku ɗauki labaransu a rubuce, ku biya su ladan aikinsu. Takardar da ta iso musu tana bisa hanya zuwa gare mu, kuma gara mu koyi yadda ake karɓarta daga bakin waɗanda suka karɓe ta suna murmushi.