IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Jama'a, yau ina da tambaya ga masu ba da bashin gina rukunin gidaje. Idan malamin makaranta a Funtuwa ko ma'aikacin asibiti a Malumfashi ya karɓi gida bashi, markar Agusta ta zo bango ya tsage, kwano ya fara yoyo, wa zai kama?

Ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya yi gaba. Banki kuwa cewa zai yi shi kuɗi kawai ya bayar, amma duk wata sai ya yanki rabonsa a albashi. Wallahi wannan zalunci ne.

Ku duba yadda abin yake. Tun 1992 doka ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, bankin gidaje na tarayya, FMBN, ya riƙe. Bashin gida a wannan asusu yakan kai shekara 30 ana biya. A tsarin irin wannan lamuni, ba a sakar wa mai gini kuɗi lokaci ɗaya. Mataki-mataki ake saki, bayan an duba aiki. To wanda ya ga fandisho, ya ga bulo da rodi, ya sa hannu, ta yaya zai ce ba ruwansa?

A Amurka an yi wannan shari'a. A 1968 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta ɗora wa kamfanin lamuni na Great Western alhaki, saboda gidajen da aka gina da kuɗinsa a kan ƙasa mai laka sun tsattsage. Shekara na zagayowa majalisar jihar ta yi dokar da ta sassauta wa masu ba da bashi. Kun ga ke nan, a majalisa ake cin wannan wasa.

Don haka nake kira ga wakilanmu na shiyyar Funtuwa, na Abuja da na Katsina: ku kawo ƙudurin da zai ce muddin aka tabbatar da aibu a gini, a dakatar da yankan albashi har sai an gyara, banki ya bi ɗan kwangilarsa.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku fara yi masa wannan tambayar. Allah ya sa mu dace.