KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'ar Ɗambatta, Bichi, Makoɗa, Minjibir da Tsanyawa, a saurara!

An sace maka san huɗa ana gab da faɗuwar damina. Ka sayar da buhun gero ka yi kuɗin mota, kana ta sintiri a kotu. An kama ɓarawo, alƙali ya ci shi tara. To, kai fa? Tara ta tafi baitulmalin gwamnati, kai kuwa ka koma gona da fartanya. Wannan shi ne adalci?

Kada wani ya ce muku babu doka. Tun 1960 sashe na 78 na dokar Final Kod ya ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Dokar shari'ar masu laifi ta Tarayya ta 2015 ta ƙarfafa haka, Jihar Kano ma ta yi tata a 2019. Doka tana nan. Mai karɓo wa talaka haƙƙinsa ne babu.

A Amurka, tun 1984 tarar da kotunan tarayya ke ci ake zubawa a asusun taimakon waɗanda aka cuta. Mu me ya hana mu?

Ga abin da muka tsaya a kai:

1. A buɗe asusu a jiha daga kuɗin tara. A fara biyan wanda aka cuta, sannan gwamnati ta bi mai laifi bashinta, ko da ta kai ga sayar da kadararsa.

2. Wanda aka ɗora wa diyyar da ta wuce ɓarnarsa ya ɗaukaka ƙara, haƙƙinsa ne. Amma ya yi da wuri, don kwanakin ƙidayayyu ne.

3. Mai hali da ke fakewa da ɗaukaka ƙara don talaka ya gaji, ya fara ajiye kuɗin a hannun kotu tukuna.

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tsare shi a ƙofar gidan mai gari ku tambaye shi: wa zai biya ni sana? In ya kama kame-kame, ku bar shi da sabulunsa da atamfarsa.

Ranar zaɓe a fito maza da mata. Allah ya ba mai gaskiya sa'a, amin.